Ƙaramar Jif Ko Motar Alfarma: Shawara Ga Mai Niyyar Saye A Ƙasar Dogon Daji

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar nan da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Bodinga da Shagari, ta biyo ta Dogon Daji da Tambuwal kafin ta miƙe zuwa Aliero da Jega, in dai Allah ya hore masa lura, ya san cewa motocin da masu hali na wannan yanki ke hawa a yau sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda muke kira ƙananan jif, irin su Toyota RAV4 da Honda CR-V, waɗanda ake gani kullum, rani da damina, a ƙofar makaranta da asibiti da bakin kasuwa, jikinsu duk ƙura. Akwai kuma motocin alfarma, irin su Mercedes da Range Rover da manyan Lexus, waɗanda galibi ba a ganinsu sai ran Salla, ko ɗaurin aure, ko ta'aziyyar wani babba, sa'ad da 'yan ƙasa mazauna Abuja da Kaduna suka zo gida. To, da yake yanzu dillalai sun cika wayoyin mutane da hotunan tsofaffin motocin alfarma, suna faɗin farashin da bai wuce na ƙaramar jif mai lafiya ba, mas'alar ta fito daga zauren attajirai, ta iso ga malamin makarantar da ya karɓi kuɗin sallama, da manomin da albasa ta yi wa albarka, da ɗan kasuwar da ya fara ganin haske, kowannensu yana ce wa ransa, tun da kuɗin ɗaya ne, me zai hana in hau wadda za a miƙe tsaye in an hango ta?

Wannan muhawara ba yau aka fara ta ba. Dattawanmu suna tune da zamanin da Peugeot 504 ta mamaye ƙasar nan, tun daga 1975 da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Suna kuma tune da cewa bayan kisan gillar da aka yi wa Janar Murtala Muhammed ran 13 ga Fabrairu 1976, cikin baƙar Mercedes ɗinsa a Legas, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki manufar rage ƙawa, ta mai da 504 motar manyan ma'aikata har zuwa kan shugaban ƙasa. Da mulki ya koma hannun farar hula a 1979 ƙarƙashin Alhaji Shehu Shagari, wanda garinsu ke nan bisa wannan hanya tamu, sai Mercedes ta dawo fada, har jama'a suka laƙaba wa wani samfurinta sunansa, ko da yake shi kansa, Allah ya gafarta masa, mutane sun shaide shi da sauƙin hali. Abin lura a nan shi ne, 504 ba da umarnin hukuma kaɗai ta shiga zukatan mutanen karkara ba. Ta shiga ne domin cikinta a ɗage yake daga ƙasa, tana jure gargada, kuma babu garin da ke da tasha wanda ba a samun makaniken da ya san cikinta kamar yunwar cikinsa. Wannan gurbi da ta bari, bayan an daina ƙera ta, shi ne ƙananan jif na Japan suka gada.

Ya kamata mai karatu ya fahimci mece ce ƙaramar jif a haƙiƙa, don da yawa suna ɗaukar ta ƙanwar Land Cruiser ce, alhali ba haka ba ne. Land Cruiser da Hilux an ɗora bodinsu bisa shasi na ƙarfe mai zaman kansa, shi ya sa suke ɗaukar duka su shanye. Ita kuwa RAV4, wadda kamfanin Toyota ya fito da ita a 1994, da CR-V wadda Honda ya biyo da ita a 1995, ƙirarsu ta ƙananan motocin gida ce, bodi da shasi a haɗe, sai dai an ɗaga su sama, an faɗaɗa bayansu don kaya, wasunsu kuma an ba su ikon ja da ƙafa huɗu in ƙafafun gaba suka fara sulɓi. Tsakanin cikinsu da ƙasa akwai kimanin santimita 18 zuwa 20, yayin da na doguwar motar alfarma irin ta birni ba ya wuce 13 zuwa 15. A kan takarda wannan tazara ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, amma a kan hanyar ƙauye cikin watan Agusta ita ce ke raba wanda ya isa da wanda ya kwana a daji.

Dalili kuwa shi ne, rayuwar mutumin Dogon Daji ba a kan kwalta take ƙarewa ba. Gonarsa tana gefe, surukansa suna wani ƙauye wajen Sanyinna ko Jabo, abokin cinikinsa yana cikin ƙasar Kebbe, kuma da zarar an sauka daga babbar hanya, wani wuri rairayi ne mai cin taya, wani wuri kwazazzabo ne da ruwan sama ya yanka, wani wuri kuma kwarin da ƙafafun amalanke da tarakta suka haƙa, suka bar tudu a tsakiya yana jiran salansa ko kaskon baƙin mai. Bayan wannan akwai wani al'amari da mazauna birni sukan manta: a ƙasarmu wanda ya sayi mota bai saya wa kansa kaɗai ba, ya saya wa unguwa. Cikin tsakar dare za a buga masa ƙofa, a ce, "Baba, ka yi haƙuri, matar wane ce naƙuda ta yi tsanani," ko kuwa maciji ya sari yaro a gona, sai ya zura riga ya fito. A shimfiɗa tabarma a baya bayan an kwantar da kujeru, a ɗora mai ciwo, uwarta ta tallafe kanta, wata tsohuwa ta shiga da ƙullin zannuwa da buta, mijin ya zauna gaba yana haska ramuka da tocila ta taga. A irin wannan dare babu mai tambayar ko kujerun na fata ne. Abin da ake so shi ne motar ta tashi da an murɗa makulli, ta haye kwazazzabo ba ta bar komai nata a baya ba, kuma mai ita kada zuciyarsa ta yi ɗar don jini ko amai zai taɓa shimfiɗarta. Na daɗe da ganin cewa motar da ke sa mai ita yin nawa wajen amsa kiran maƙwabci ta rage masa wani abu da ya fi abin da ta ƙara masa.

Sai batun gyara, wanda shi ne ƙashin bayan maganar duka. Injin mai lita 2.4 da ke cikin RAV4 ta shekarun 2004 zuwa 2008 irinsa ne ke cikin Camry ta wancan zamani, kuma Camry, kamar yadda kowa ya sani, ta cika ƙasar nan. Saboda haka filoginsa da fanbel da famfon mai da matatarsa ba sa wuyar samu, in babu a Tambuwal akwai a Sakkwato ko Jega, in abin ya yi nauyi a aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a ba direban tasha ya kawo. Motar alfarma kuwa, musamman ta Jamus ko ta Ingila, an ƙera ta ne bisa zaton cewa mai ita yana kusa da gareji mai na'urori da ma'aikatan da kamfani ya horar. Ɗauki misalin shokazoba: da yawa daga manyan Mercedes da Range Rover ba bisa sifirin na ƙarfe suke tsaye ba, bisa jakunkunan roba ne masu cike da iska, waɗanda wani ɗan famfo ke hurawa, kwamfuta tana auna tsayinsu. Wannan shi ke ba su laushin tafiyar da ake yabo, har mutum ya sha shayi cikinsu bai zuba ba. Amma roba ba ta shiri da zafin Afrilu irin namu, wanda ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu mai shiga kowace kafa. Ranar da jaka ɗaya ta tsage, da safe za a tarar da motar ta durƙusa gefe guda, fitilun gargaɗi sun cika allon gaban direba. A kira makaniken gari, mutumin da zai iya sauke injin Golf ya mayar kafin la'asar, ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashi, ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Alhaji, wagga ta hi ƙarhinmu, sai an sa mata kwamfuta." Daga nan sai neman janwe, sai jiran kaya daga Ladipo a Legas ko daga Dubai, sai makonni su shuɗe mai motar alfarma yana hawa bayan ɗan kabu-kabu.

Lissafin mai shi ma ya canja fuska ƙwarai. Kafin ran 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafi, farashin hukuma na litar fetur bai kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ya haura 500 a Arewa, kafin ƙarshen 2024 kuwa ya wuce 1,000. Ƙaramar jif mai silinda huɗu tana shan abin da ya yi kusa da lita 10 a tafiyar kilomita 100, babbar Lexus mai silinda takwas kuwa, irin LX 570, sai ta nemi 16 ko 17. Wanda ke tafiyar kilomita 1,000 a wata, ke nan bambancin da ke tsakaninsu ya kai lita 60 zuwa 70, wanda in an ƙiyasta lita a naira 1,000 ya kama naira 60,000 zuwa 70,000 kowane wata, kafin a zo ga baƙin mai da taya. Su kansu tayoyin motar alfarma, masu faɗin inci 20 ko 21 da siririn gefe, rami ɗaya kan fasa su har ya lanƙwasa wili, kuma mai facin bakin hanya ba ya ajiye irinsu. Haka inshora: tun daga Janairu 2023 mafi ƙanƙantar inshorar motar gida ta koma naira 15,000, cikakkiya kuwa ba ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar ba a shekara. A cikin wannan tsakani kuma dala, wadda a farashin hukuma take wajen naira 460 kafin Yuni 2023, ta haura 1,500 a 2024, kuma kowane ƙusa na waɗannan motoci da dala ake shigo da shi.

A nan ne ruɗin da na ambata tun farko yake. Motar alfarma farashinta yana faɗuwa da sauri in ta tsufa, amma farashin ɗawainiyarta ba ya faɗuwa tare da shi, hasali ma ƙaruwa yake. Motar da attajiri ya saya sabuwa, ko ta shekara goma sha biyar, ko ta koma hannu na uku, kayan gyaranta suna nan da kuɗin attajiri. Kakanninmu sun san wannan a sha'anin doki: talaka na iya yin dace ya sami ingarma da araha a hannun wanda ya gaji da shi, amma ingarman ba zai rage cin dawa da harawa don ya koma gidan talaka ba, ga kanwa, ga ɗan barga, ga kayan sirdi, kuma in bai samu ba sai ya rame a idon jama'a, abin da aka saya don ɗaukaka ya koma abin nuni. Wanda ya sayar maka da tsohuwar Range Rover da kuɗin RAV4 ba sadaka ya yi maka ba. Sau da yawa ya hango gyaran da ke tafe ne, ya nemi wanda zai ɗora wa.

Kada mai karatu ya zaci ina haramta abin da Allah ya halatta. Jin daɗi da dukiyar halal ba laifi ba ne, kuma bayyana ni'ima ba tare da girman kai ba abu ne da malamai suka yarda da shi. Motar alfarma tana da fa'idodi na gaskiya: matakan kariyarta in hatsari ya auku sun fi yawa, kuma dattijo mai ciwon baya da ke zirga-zirga tsakanin Sakkwato da Abuja ya san bambancin sauka daga cikinta da sauka daga ƙaramar mota. Akwai kuma masu muƙamin da haiba tana cikin aikinsu, kamar hakimi ko basaraken da ke wakiltar jama'arsa a taro, wanda mutanensa da kansu ba za su so ganinsa cikin abin da bai dace da rawani ba. Amma malaman usulu, irin su Imam Shaɗibi na Andalus, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 1388, sun kasa maslahohin ɗan Adam daraja uku, wato na larura, da na buƙata, da na ƙawa, suka kuma kafa ƙa'idar cewa ba a rushe na sama don a tsai da na ƙasa. Ci da iyali, da kuɗin makarantar yara, da magani, da biyan bashi, suna gaba. Abin hawa mai kai mutum inda hakki ya kira shi yana biye. Ƙyallin fenti da sanyin kujera suna can ƙarshe. Wanda ya ci bashi, ko ya sayar da gonar gado, ko ya karya jarin da yake juyawa, don ya hau abin da za a yi masa kallo, ya juya wannan tsari ƙasa a sama, kuma wannan shi ne israfin da ake tsoratar da mu, don israfi ba da yawan kuɗin da aka kashe ake auna shi ba, da gwargwadon halin mai kashewa ake aunawa.

Mu mutanen wannan ƙasa bai kamata wannan magana ta zame mana baƙuwa ba, ga Tambuwal inda Muhammadu Buhari, ɗa ga Shehu ɗan Fodiyo, ya zauna, ga Gwandu nan kusa inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake kwance. An sani cewa wajen 1807, jihadi na tsaka da samun nasara, Malam Abdullahi ya bar jama'a ya nufi gabas har ya tsaya Kano, saboda baƙin cikin yadda ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu, kuma cikin abubuwan da ya koka da su a littafinsa Tazyinul Waraƙati har da tara tufafin ƙawa da dawakin da ba don fagen fama aka ajiye su ba. Wani abu kuma da ya kamata mai dukiya ya yi wa kansa hisabi a kai shi ne, a fiƙihunmu abin hawan da mutum ya ajiye don amfanin kansa babu zakka a cikinsa; saboda haka miliyoyin da da suna cikin shanu ko hatsi ko haja, suna haihuwa, miskinai suna samun rabonsu kowace shekara, in aka zuba su cikin ƙarfen da kullum raguwa yake, an rufe wata ƙofa ta alheri ba tare da an saɓa wa harafin shari'a ba. Ga kuma halin da tsaro ya shiga a 'yan shekarun nan, musamman yankunan da ke maƙwabtaka da Zamfara, inda masu hankali da yawa suka gane cewa motar da ba ta jan ido wata sutura ce.

Duk da haka, ƙaramar jif ba waliyyiya ba ce, kuma zalunci ne a ɓoye aibinta. Da yawa cikin waɗanda ake shigo da su da ƙafafun gaba kaɗai suke ja, ko da surarsu ta jif ce, sai mutum ya shiga rairayi da gadara ya kafe. Masu ja da huɗun ma ba a yi su don ratsa fadama ko ɗaukar buhu goma na shinkafa ba, wanda aikinsa ke nan Hilux ya kamata ya nema. Injin nan mai lita 2.4 da na yaba an san shi da shan baƙin mai in ya tsufa, dole a riƙa duba sandarsa kowane mako. Wasu sababbin samfura kuma suna da giyabos mai ɗamarar ƙarfe maimakon haƙora, wanda ke son mansa na musamman, in aka zuba masa na gama-gari ya lalace. Kuma saboda kowa yana son Toyota, tsadarta a kasuwar tsofaffi ta wuce misali, ɓarayi ma sun fi sonta. Wanda ransa ya nace wa ɗan jin daɗi, kuma aljihunsa zai ɗauka, akwai tsaka-tsaki: Lexus, wanda Toyota ya kafa a 1989, ya fito da RX a 1998, kuma RX 330 da RX 350 injinsu mai silinda shida irinsa ne ke cikin Highlander da Sienna, don haka makaniken da ya san waɗannan ba zai tsaya yana kallonta ba, sai dai mai ita ya san za ta fi RAV4 shan mai.

Ko wacce mutum ya zaɓa, mafi yawan abin da ke zuwa hannunmu tsofaffi ne daga Amurka da Turai, kuma cikin na Amurka akwai waɗanda suka yi mummunan hatsari ko ambaliya ta shanye su, kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu, aka gyara fuska aka turo mana. Kowace mota tana da lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17, wadda ake hango ta a gindin gilashin gaba ta wajen direba, kuma da ita ɗan da ya iya intanet zai iya binciko tarihin motar da ta fito daga Amurka kafin a yi ciniki. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a duba ko akwai tsatsa ko busasshiyar laka, a sansana ko akwai warin ruma, kada kuma a amince da adadin tafiyar da allo ya nuna, don ana mai da shi baya. Takardun kwastan wajibi ne a tantance su, ganin cewa ran 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma motar da ta biyo ta daji daga Kwatano arharta takan ƙare a shingen bincike. Mai saye ya tafi da makanikensa na gida, wanda shi zai yi jinyar motar, ba wanda dillali ya kawo ba. Su sauka daga kwalta su ɗana ta a gargada, da na'urar sanyaya mota a kunne, cikin zafin rana. Sa'an nan, kafin ya ba da ko kwabo, ya kira mai sayar da kayan gyara a Ƙofar Ruwa, ya tambayi kuɗin shokazoba guda, da famfon mai, da fitilar gaba ta wannan samfuri, ya kuma tambayi kwana nawa za su yi kafin su iso Dogon Daji.